Jangorzo ta Maraɗi da Kambun 1983: Sharhi a Kan Ƙwallon Garin Bakin Iyaka

Duk wanda ya ɗauki jerin ƙungiyoyin da suka taɓa cin gasar ƙwallon ƙafa ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1966 har zuwa shekarun nan namu, ya bi shi suna bayan suna cikin natsuwa, zai tarar da wani al'amari da ya isa a tsaya a yi masa tafakkuri. Kusan dukkan sunayen nan na birnin Yamai ne: daga Secteur 6 da Secteur 7, waɗanda suka rikiɗe daga baya suka zama Olympic da Sahel, zuwa ƙungiyar soja, da ta 'yan sanda, da ta jandarma, da ta duwan, da ta askarawan tsaron ƙasa, da ta kamfanin man fetur SONIDEP, da ta kamfanin wutar lantarki Nigelec. A tsakiyar wannan doguwar silsila akwai shekaru biyu a jere da kambun ya fita daga babban birni ya nufi gabas. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauke shi, a 1984 kuma Espoir ta Damagaram ta gaje ta, daga nan ya koma bakin kogin Kwara ya yi zamansa. A kan shekarar farko cikin biyun nan, da garin da ya haife ta, da iyakar da ke kudu da garin, nake nufin yin magana.

Na sani akwai daga cikin dattawanmu masu ganin cewa ɓata tawada a kan tamaula lahawu ne, abin da bai kamaci mai hankali ba, kuma ban raina ra'ayinsu ba, domin lalle akwai wasan da ke shagaltar da mutum ga barin salla da neman halaliya. Amma ni abin da na gani a nan Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda Allah Ya tara jama'ar Nijar masu yawa, Hausawa da Zabarmawa, har garin ya zama ɗaya daga cikin manyan masaukansu a Amurka, shi ne ƙwallo na cikin 'yan abubuwan da suka rage masu iya zaunar da ɗan Maraɗi da ɗan Katsina da ɗan Dosso a inuwa ɗaya ba tare da an kira taron suna ko ta'aziyya ba. Abin da ke da irin wannan iko a kan zukatan mutane ya cancanci a yi masa bahasi da gaske, ko da asalinsa wasa ne.

Ba a fahimtar ƙungiyar Maraɗi sai an fahimci Maraɗi, ba a kuwa fahimtar Maraɗi sai an koma Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya tashi a 1804, kuma birnin Katsina ya shiga hannun Malam Ummarun Dallaje 'yan shekaru kaɗan bayan haka, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa, suka sha gwagwarmaya da zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, har Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, a bakin gulbin nan da ke gangarowa daga ƙasar Katsina. Har gobe mai sarautar garin Sarkin Katsina ake ce masa, kamar yadda ake ce wa na Tsibiri, maƙwabciyarsa, Sarkin Gobir. Shekaru da dama aka yi ana kai hari ana ramawa tsakanin Katsinar kudu da ta arewa, amma yaƙin na 'yan gida ɗaya ne, masu harshe ɗaya da auratayya da fatauci, kuma ko a tsakiyar gaba ayari bai daina bin hanya ba. Sai Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka zauna a ƙasashensu suka ja layi a 1898, suka sake gyara shi a 1904 da 1906 domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga Yamai zuwa Damagaram, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta faɗa hannun Ingila. Saboda haka lokacin da wata ƙungiyar ƙwallo ta garin, wadda ta yi shekaru tana bugawa a rukunin farko na ƙasa, ta zaɓi ta kira kanta Ɗan Kasawa, ta ɗauki dukkan wannan tarihi ne ta ɗora a ƙirjin rigar 'yan wasanta, kuma duk Bakatsinen da ya ji sunan ya san da shi ake.

Mu dubi zamanin da Jangorzo ta yi nasararta. A 1983 Janar Seyni Kountché ne ke mulki, yana kan kujera tun 1974, kuma gwamnatinsa ta raya ƙungiyoyin samariya a kowace unguwa, ta mai da su ginshiƙin tara matasa wajen aikin gayya da wasanni da bukukuwan ƙasa. Maraɗi kuwa a lokacin ta riga ta zama cibiyar kasuwancin ƙasar. Garin da ambaliyar 1945 ta tilasta wa barin kwari ya hau tudu ya bunƙasa da cinikin gyaɗa, da gyaɗa ta ja baya bayan farin shekarun 1970 sai attajiransa suka juya ga safarar kaya zuwa Nijeriya, inda kuɗin man fetur ke gudana, har wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi a 1986. A ganina, haɗuwar abubuwan nan uku ce ta buɗe ƙofa: samari masu tsari a unguwanni, dukiya mai yawo a hannun 'yan gari, da kuma wannan asabiyya ta mutanen da suka daɗe suna jin cewa su ba reshen kowa ba ne. Gari in ya sami waɗannan yana iya ciyar da 'yan wasa goma sha ɗaya da masu jiran canji, ya saya musu takalma, ya cika musu mota da mai, ya kuma cika fili ranar wasa.

Ba a daɗe ba ƙofar ta rufe. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, ba a buɗe su ba sai a 1986, kuma rufewar ta haɗu da fari mai tsanani, har talakawan Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan Buhari. Kasuwar yuraniyom, wadda ta riƙe baitulmalin ƙasar a ƙarshen shekarun 1970, ta riga ta faɗi. A irin wannan hali ne bambancin ƙungiyar gari da ƙungiyar hukuma ke fitowa fili. Ɗan wasan soja ko na duwan yana da albashi a ƙarshen wata, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, yana kuma da fatan in ƙafa ta gaji a ba shi kaki ya ci gaba da cin abinci; ɗan wasan gari kuwa abincinsa na rataye da aljihun mai taimako, aljihun mai taimako na rataye da kasuwa, kasuwar Maraɗi kuma na rataye da ƙofar iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya. Saurayi mai hazaƙa da iyayensa ke jiran ya kawo cefane, in aka kira shi Yamai aka nuna masa albashi, wane malami ne zai ce masa ya ƙi? Ta haka lardi ke renon 'yan wasa babban birni yana girbewa, kuma ta haka Jangorzo ta shiga hawa da sauka tsakanin rukunai, tana ɓacewa tana dawowa, alhali sunayen ƙungiyoyin ma'aikatu suna maimaituwa a jerin zakaru shekara bayan shekara.

Sai kuma zancen nisa, wanda mai zaune a ofis a babban birni ba ya jin nauyinsa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, kuma tun da mafi yawan ƙungiyoyin rukunin farko a Yamai suke, su wasan waje a wurinsu sau da yawa tsallaka unguwa ne kawai, a filin Seyni Kountché ɗin da suka saba da shi, alhali 'yan Maraɗi sai sun yini a mota sun sauka da kumburarrun ƙafafu. In wasa ya faɗo a Arlit, can cikin Sahara, wahalar ta ninka. Daga Maraɗi zuwa Katsina kuwa bai kai kilomita 100 ba. Mutumin Maraɗi yana zuwa Katsina biki, yana zuwa Kano sarin kaya da neman magani da karatu, naira na yawo a kasuwarsa tare da sefa, finafinan Kano yake kallo, wa'azin malaman Kano da Zariya yake saurare. A ƙwallo kaɗai aka wajabta masa ya juya wa kudu baya ya fuskanci yamma. Ga Katsina United da filin Muhammadu Dikko a kusa da shi, ga Kano Pillars, wadda ta ci gasar Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, amma tsarin gasa bai tanadi ranar da za su haɗu ba, sai fa in ƙaddara ta haɗa su a gasar nahiya.

Wani zai ce ai haka lardi yake a ko'ina, kuma mutanen Maraɗi kokawa suka fi so. Hujjar nan ta biyu, in aka duba ta da kyau, goyon bayana take yi. Gasar takobin ƙasa ta kokawa, wadda aka fara a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ya fara ɗaukar takobinta, an gina ta a kan adalci tsakanin jihohi: kowace jiha na kawo 'yan kokawarta daidai da na 'yar'uwarta, masaukin gasar na zagayawa daga jiha zuwa jiha, babu kuma wata ma'aikata da ke saye ƙarfafan ƙasar ta tara su a babban birni. Sakamakon haka takobi ya zaga ƙasa, kuma ranar wasan ƙarshe kasuwanni kan yi tsit. Jama'ar da ke cika filin kokawa su ne dai za su cika filin ƙwallo in sun ga ɗansu na da rabo a ciki. Abin da ya raba wasannin biyu tsari ne, tsari kuwa mutane ne suka yi shi, suna kuma iya sake shi.

Matsalar garin bakin iyaka ba a kanmu aka fara ta ba, kuma akwai misalai biyu daga tsibirin Birtaniya da suka daɗe suna yi mini yawo a zuciya, domin garuruwan biyu suna kan iyaka ɗaya, ɗaya a ƙarshenta na gabas ɗaya a na yamma, amma makomarsu ta saɓa. Berwick ƙaramin gari ne a bakin kogin Tweed, wanda Ingila da Sikotilan suka yi ta ƙwace shi daga hannun juna har ya tabbata ga Ingila a 1482. Ƙungiyarsa, Berwick Rangers, da yake garuruwan Sikotilan sun fi kusa da ita, kuma tafiya kudu cikin Ingila za ta cinye ɗan abin da take da shi, sai ta shiga tsarin ƙwallon Sikotilan, tana zaune a ƙasar Ingila tana bugawa da maƙwabtanta na arewa, hukumomin ɓangarorin biyu kuma suka bar ta. A ranar 28 ga Janairu 1967, a filinta na Shielfield, gaban mutum fiye da 13,000, ta fitar da babbar Rangers ta Glasgow daga gasar kofin Sikotilan da ci ɗaya mai ban haushi, Sammy Reid ne ya zura ƙwallon, mai tsaron gidanta kuma kocinta a lokaci guda, Jock Wallace, daga baya shi ya zama kocin Rangers ɗin da ya kayar. Berwick ba ta taɓa yin arziki ba, a 2019 ma ta faɗo daga rukunan ƙwararru bayan Cove Rangers ta doke ta, amma har yanzu tana nan tana bugawa, domin mutanen garin ba su sake ta ba.

Gretna kuwa, ƙauye ne a ɓangaren Sikotilan, ƙungiyarsa ta yi shekaru tana bugawa a Ingila kafin a karɓe ta cikin gasar Sikotilan a 2002. Sai wani attajiri, Brooks Mileson, ya rungume ta ya zuba mata dukiya, ta hau rukuni uku a shekara uku a jere, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2006 inda Hearts ta doke ta a bugun fenariti, ta shiga rukunin ƙoli a 2007 alhali filinta bai cika sharaɗi ba, sai aron fili take yi a Motherwell. Da rashin lafiya ta kwantar da attajirin a farkon 2008, kuɗi suka tsaya, kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta rushe, shi ma ya rasu. Magoya baya ne suka tattara abin da ya saura suka kafa sabuwa daga tushe. Ban kawo wannan don in zargi mai kyauta ba, domin mutumin ya ba da abin hannunsa da zuciya ɗaya. Na kawo shi ne domin irin wannan dogaro ga mutum guda shi ne ciwon ƙungiyoyinmu: a Nijar alhaji ɗaya ko shugaban ma'aikata, a Nijeriya gwamnan jiha, wanda in ya sauka ko ya yi fushi sai albashi ya tsaya wata da watanni. Ƙungiyar da ke tsaye a kan mutum ɗaya tamkar rumfa ce mai dirka ɗaya, ranar da gara ta ci dirkar kowa a rana zai wuni.

A nan Greensboro ma mun ga wani ɓangare na wannan darasi. Wani mutumin Ingila, Neil Macpherson, ya kafa Greensboro Dynamo a 1993, ta ci gasar rukuninta a shekarar farko da ta biyu, aka sake mata suna Carolina Dynamo, aka gina fili mai sunansa a Browns Summit, arewa da gari. Daga baya sunan Dynamo ya kau, aka narkar da ita cikin wata ƙungiyar renon matasa mai suna Fusion, kuma sabuwar ƙungiyar ƙwararru ta yankin, Carolina Core, a High Point ta fara wasa a 2024. A tsarin Amurka babu hawa babu faɗuwa, kujerar gasa saye ake yi, yaro ma sai iyayensa sun biya kuɗi masu nauyi kafin ya shiga ƙungiyar kirki, abin da ke hana 'ya'yan baƙi irin namu da yawa shiga, ko da sun fi kowa iya taka leda. Filaye a nan kore ne shar, fitilu kuma kamar rana, amma abin da Maraɗi ke da shi, wato gari sukutum da ke jin ƙungiya jininsa ce, kuɗi ba su saya wa Greensboro shi ba.

To, mene ne abin yi? Ba na kiran a cire Jangorzo ko Ɗan Kasawa daga gasar Nijar a kai su ta Nijeriya. Wannan sai da yardar hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu da ta Afirka da FIFA, kuma zai taɓa martabar ƙasa a lokacin da zukata ba su kwanta ba. Abin da nake kira gare shi ya fi wannan sauƙi: kofi na shekara-shekara, a lokacin hutun gasa, tsakanin ƙungiyoyin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni a ɓangare ɗaya, da na Katsina da Daura da Kano da Sakkwato a ɗaya ɓangaren, bana a nan baɗi a can, bisa ƙa'idar zagayawa irin ta kokawa, ƙarƙashin inuwar sarakunan biyu masu amsa sunan Katsina. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, an kuma sa hannu a 2021 a kan kwangilar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. In ana iya shimfiɗa ƙarfe a ƙetare iyaka, shirya wasan minti casa'in bai gagara ba. Kuɗin ƙofa na irin wannan wasa, da idon masu neman 'yan wasa da zai jawo, su ne za su ba saurayin Maraɗi dalilin zama gida shekara biyu ko uku kafin Yamai ta kira shi.

Ban jahilci abin da ke kan hanya ba. Iyakar nan an rufe ta a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, Nijar ta fice daga ECOWAS, kuma 'yan bindiga sun addabi ƙasar Jibiya da Madarumfa, sun raba dubban bayin Allah da gidajensu, har Maraɗi ta zama mafakar masu gudun hijira daga Katsina da Zamfara da Sakkwato. Mai cewa a bari sai ƙura ta lafa yana da uzuri, kuma ba zan ce a jefa ran 'ya'yan mutane cikin hatsari saboda kofi ba. Sai dai ina tunatar da shi cewa ƙurar nan ta shekara arba'in tana tashi tana kwantawa, kuma duk lokacin da gwamnatoci suka ɓata da juna, zumuncin talakawa ne ke riƙe igiyar har su shirya. Sada zumunta wajibi ne a shari'a, kuma ban ga inda aka ce fasfo na ɗauke wannan wajibci ba.

Amma kofin nan ba zai yi amfani ba in ƙungiyar da za ta buga shi ba ta da tushe, tushen kuwa shi ne mallakar jama'a. Musulunci ya ba mu tsarin waƙafi tun da daɗewa: a tsayar da asali, a ciyar da amfaninsa. Shaguna goma a bakin kasuwa da aka tsayar da sunan ƙungiya, da amintattu masu kula da hayarsu, da littafin lissafi da ake karantawa a bainar jama'a kowace shekara, da katin memba mai araha wanda ɗan kabu-kabu da mai shayi za su iya yanka, sun fi kyautar miliyoyi da ke zuwa sau ɗaya gab da zaɓe. A nan ne mu mazauna ƙetare muke da rawar takawa. Jama'armu a Greensboro sun saba da haɗa kuɗi domin mai da gawa gida, da gina masallaci, da haƙa rijiya a ƙauye, kuma sun san yadda ake riƙe amana a irin waɗannan asusai. Wannan ƙwarewa ita ƙungiyar gari ke bukata fiye da riguna da ƙwallayen da mukan aika a akwati.

Akwai kuma aiki ɗaya da ba ya jiran izinin kowace hukuma, kuma shi ya fi gaggawa. Saurayin da ya buga wa Jangorzo yana ɗan shekara ashirin a 1983, yau ya haura sittin. Malamanmu na hadisi sun koya mana cewa labari ba ya tabbata sai da isnadi, a ji daga wanda ya gani, a rubuta sunan mai riwaya, a gwada riwayarsa da ta waninsa. Haka ya kamata a yi wa wannan shekara: a zauna da waɗanda suka rage cikin 'yan wasan, da direban da ya kai su Yamai, da tela mai ɗinka musu kaya, da maroƙan da suka yi musu kirari, a ɗauki muryoyinsu, a nemi tsofaffin hotuna a gidajen masu ɗaukar hoto na garin, a binciki shafukan jaridar Le Sahel na lokacin, a rubuta abin da aka samu da Hausa, a boko da ajami. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina. Ɗalibi ɗaya daga kowacce, da na'urar ɗaukar magana da kuɗin mota na wata uku, sun isa su fara, kuma kuɗin nan bai fi ƙarfin asusun 'yan Maraɗi mazauna Greensboro ba.